Filin Tambayoyin Masu Karatu: Ajiye Amsoshin HTTP a Cikin Sabar

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: manhajar da ke zaune a sabar tana kiran API na wasu (ƙofar da manhaja ke neman bayanai daga wata manhaja) ta intanet, mai ita kuma ya gaji da maimaita kira ɗaya sau dubbai a wuni. Maganin dai sananne ne, ma'ajiyar wucin gadi da masu aikin ke ce wa cache, sai dai tana da ƙa'ida a rubuce, kuma yawancin ɓarnar da ake yi daga tsallake ƙa'idar take fitowa. Mun rage tsawon wasu wasiƙun saboda wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da manhajar Python da ke nuna wa manoma hasashen yanayi. Duk wanda ya buɗe shafin, sai sabar ta kira API na kamfanin da muke sayen bayanan a wurinsa. Shafin yana jan ƙafa, kuɗin kira yana ta hawa. Sai na sa Redis (manhajar ajiye bayanai a ƙwaƙwalwar sabar) yana riƙe kowace amsa minti 10. Abokin aikina ya ce wannan ba bisa ƙa'ida ba ne, ni kuma na ga yana aiki. Ina bambancin yake? — Wani mai rubuta manhaja, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bambancin yana ga wanda ya yanke wa'adin. Minti 10 ɗin nan kai ka zauna ka ƙirƙiro shi, alhali mai bayanan yakan faɗa da bakinsa, a kanun kowace amsa (layukan bayani da ke zuwa a samanta), tsawon lokacin da ya yarda a riƙe ta. Ƙa'idar karanta wannan saƙo tana cikin RFC 9111 (kundin ƙa'idar ajiye amsoshin HTTP, tsarin da manhajoji ke musayar saƙo da shi a intanet), wanda ya fito a watan Yunin 2022 ya maye gurbin RFC 7234 na 2014.

Fara da ganin abin da ake aiko maka. Ka buga `curl -sD - -o /dev/null` ka bi shi da adireshin, zai zubo maka kanun amsar kaɗai. Ga tsarin da ma'ajiya ke bi wajen gano wa'adi. Idan ma'ajiyar ta tarayya ce, wato mutane da yawa take yi wa hidima, tana fara duba `s-maxage` a layin `Cache-Control`. In babu, sai `max-age`. In shi ma babu, sai ta ɗebe lokacin da ke layin `Date` daga na layin `Expires`. Duk da daƙiƙa ake lissafin: 600 minti 10 ke nan, 86400 kwana ɗaya.

Inda masu haɗa ma'ajiya da hannu suka fi faɗawa shi ne layin `Age`. Manyan kamfanoni sukan sa CDN, wato sabobin da ke riƙe kwafin amsoshi kusa da masu nema, a gaban sabobinsu, don haka amsar da ta iso maka mai yiwuwa ta riga ta yi zama a hanya. A ce ta zo da `max-age=600` da `Age: 420`. Abin da ya rage mata daƙiƙa 180 ne kacal. Kai kuwa Redis ɗinka zai ɗora mata sabuwar 600, sai manomi ya ga hasashen da ya kai minti 17 da fitowa, alhali mai shi minti 10 ya yarda. A hasashen yanayi wannan da sauƙi. A farashi ko yawan kayan da ya rage a sito, rigima ce.

Ba sai ka rubuta wannan lissafi da kanka ba. Laburaren `requests` ba ya ajiye komai, amma akwai CacheControl da ke hawa kansa, wanda pip ma da shi yake aiki:

```
import redis, requests
from cachecontrol import CacheControl
from cachecontrol.caches.redis_cache import RedisCache

zama = CacheControl(requests.Session(), cache=RedisCache(redis.Redis()))
amsa = zama.get(adireshi, timeout=5)
print(amsa.from_cache)
```

Kira na farko zai nuna `False`, na biyu `True` muddin wa'adi bai cika ba. Idan na biyun ma `False` ya nuna, ga wuraren da za ka leƙa. Wani sashe na manhajar yana nan yana kiran `requests.get` kai tsaye, wanda ba ya bi ta cikin `zama`. Ko kuma ba ka ba shi Redis ba, ya koma ajiyewa a ƙwaƙwalwar manhajar, inda ma'aikata 4 na gunicorn (mai gudanar da manhajar Python a sabar) ke nufin ma'ajiya 4 da ba su san juna ba, kuma duk su ɓace da zarar an sake tayar da sabar. Ko kuma adireshin yana ɗauke da wani abu mai canjawa a kowane kira, kamar lokacin yanzu, ko wurin manomi da lambobi bakwai bayan ɗigo. Wannan na ƙarshen ya shafe ka sosai: rage lambobin zuwa biyu bayan ɗigo, wanda ya yi daidai da kusan kilomita ɗaya, sai manoman ƙauye ɗaya su riƙa cin amsa ɗaya.

Akwai wani laburaren mai kama da suna, requests-cache. Yana da kyau, amma ka sani in ka bar shi yadda ya zo, ba ya bin kanun amsa kuma ba ya zubar da abin da ya ajiye. Sai ka ba shi `cache_control=True` zai fara saurarar mai bayanan.

To in ka duba ka tarar kamfanin bai aiko da ko ɗaya daga cikin layukan nan ba fa? Ƙa'ida ta ba ma'ajiya damar yin kirdado, kuma wanda aka saba shi ne kashi 10 cikin 100 na tsawon lokacin da ya wuce tun `Last-Modified`: abin da ya kwana 10 ba a taɓa shi ba, a riƙe shi kwana ɗaya. Amsoshin API da yawa ba su da wannan layin ma. A nan minti 10 ɗinka ya halatta, amma ka ɗaura shi a kan wannan adireshin kaɗai. `ExpiresAfter` na CacheControl yana shafe layin `Cache-Control` da ya zo ya rubuta nasa, don haka in ka ɗora shi a kan duk kiran da manhajar ke yi, har amsar da aka ce kada a ajiye zai ajiye.

Tambaya: Amsar da nake samu tana ɗauke da `Cache-Control: no-cache`, amma na leƙa ma'ajiya na tarar laburaren ya ajiye ta. In kai ƙorafi wurin masu shi ne? — Wata ɗalibar kimiyyar kwamfuta, Zariya

Amsa: Malama, kada ki kai, laburaren bai yi laifi ba. `no-cache` cewa yake yi a ajiye in ana so, amma kada a miƙa wa kowa sai an koma an tambayi mai ita ko tana nan yadda take. Wanda ke hana ajiyewa ɗungurungum shi ne `no-store`. Na uku da ake rikita su da shi, `must-revalidate`, ba ya cewa komai sai bayan wa'adi ya cika: daga nan ba a miƙa tsohuwar amsa ko da sabar mai ita ta mutu, sai dai a mayar da kuskure, galibi 504. Idan kika ci karo da `Pragma: no-cache`, ragowar zamanin HTTP/1.0 ne, RFC 9111 ya ce a daina dogaro da shi. `Expires: 0` kuma ana ɗaukarsa a matsayin wa'adin da ya riga ya wuce.

Tambaya: Muna da allon da ke nuna ayyukan ƙungiyarmu daga API na GitHub, kuma kullum sai mun cinye adadin kiran da aka ba mu. An ce mini ETag zai taimaka. Na gwada, amma ban taɓa ganin 304 ba, kullum 200 ne da cikakkiyar amsa. — Wani injiniya, Maraɗi

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya ba ka shawarar ya yi daidai. GitHub yana ba wanda bai shiga da tokin (lambar sirri ta shaidar mai kira) ba kira 60 a awa, mai tokin nasa na kansa kuma 5000, sannan takardunsu sun ce amsar 304 da aka samu ta kiran da ke ɗauke da tokin ba ta shiga wannan lissafin. Ke nan in abin ya zauna, za ka iya leƙawa akai-akai ba tare da adadinka ya taɓu ba.

Yadda abin yake: amsa ta farko tana zuwa da layi irin `ETag: "a1b2c3"`, wato alamar da ke canjawa in amsar ta canja. In wa'adinta ya cika, ba zubar da ita ake yi ba. Ana sake kiran da ƙarin layi `If-None-Match: "a1b2c3"`. In babu abin da ya canja, sabar ta mayar da 304 babu jiki, sai ka ɗauko jikin da ke wurinka ka yi aiki da shi.

Babban dalilin da ke sa mutum bai taɓa ganin 304 ba shi ne haɗa lokuta biyu da ba ɗaya suke ba. Akwai wa'adin amsa, akwai kuma tsawon zamanta a ma'ajiya. In ka sa Redis ya goge ta daidai lokacin da `max-age` ya ƙare, to ETag ɗin ya tafi tare da ita, ba ka da abin da za ka tambaya da shi. Amsar da wa'adinta daƙiƙa 60 ne, bar ta ta zauna kwana ɗaya ko mako, ka ajiye lokacin da ta iso a gefenta, ka riƙa lissafin shekarunta da kanka. Tunda zaman zai yi tsawo, ka sa wa Redis iyaka da `maxmemory`, ka mayar da `maxmemory-policy` zuwa `allkeys-lru`. Yadda ya zo, `noeviction` ne, wato in ya cika sai ya fara ƙin karɓar sabon rubutu maimakon ya kori tsofaffi. Kuma kada ya zama Redis ɗin da ke riƙe layin ayyukanku ko zaman masu shiga ne, don `allkeys-lru` ba ya tambayar wane ne mai muhimmanci.

Na biyu, alamun zancen nan biyu da ke kewaye da ETag ɓangarensa ne. Mutane sukan cire su don su ga ya yi tsaf, sai sabar ta kasa gane shi. Haka ma `W/` da ke gaban wasu: mayar da shi yadda ya zo, harafi da harafi. Gwada da hannu kafin ka zargi kod ɗinka: `curl -sD - -o /dev/null -H 'If-None-Match: "a1b2c3"'` da adireshin, tare da tokin ɗin da `Accept` ɗin da manhajar ke aikawa. In ka canja ɗayansu tsakanin kira na farko da na biyu, siffar amsar tana iya canjawa, ETag ɗin ma haka.

A wasu sabobin da ba GitHub ba, laifin yakan kasance daga can. Apache, in yana matse amsa da mod_deflate, yakan liƙa `-gzip` a ƙarshen ETag, kuma hakan ya daɗe yana hana 304 fitowa. Wasu kuma sabobi uku ne a bayan adireshi ɗaya, kowace da irin ETag ɗinta. Wannan ba ka da yadda za ka yi da shi sai dai ka sanar da su. In `Last-Modified` kaɗai suka bayar, aika shi a `If-Modified-Since`, amma ka tuna daƙiƙa ɗaya ce iyakar ganinsa, canji biyu a cikin daƙiƙa ɗaya zai wuce shi.

In 304 ɗin ya fara zuwa, saura aiki ɗaya da ake yawan mantawa: kanun da ya zo da su, irin `Date` da `Cache-Control`, su maye gurbin tsofaffin da ka ajiye, agogon amsar ya koma farko. In ba haka ba, amsar za ta ci gaba da zama tsohuwa a idon ma'ajiyarka, kowane kira sai an fita tambaya.

Tambaya: Ranku ya daɗe, muna cikin matsala. Manhajarmu ta Laravel ce, tana kiran API na wani kamfani da tokin na kowane abokin ciniki don nuna masa tarihin odarsa. Mun sa guzzle-cache-middleware da Redis. Jiya wata mata ta kira ta ce tana ganin suna da adireshin wani mutum a shafinta. Ta yaya laburaren da aka ce yana bin ƙa'ida zai yi haka? — Wani shugaban masu rubuta manhaja, Kaduna

Amsa: Malam, kafin komai: kashe ma'ajiyar a kan wannan kiran yanzu, ka goge abin da ke ciki, ka adana rajistar sabar don a gano su wa abin ya shafa. Ka kuma sanar da lauyanku yau, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba da awa 72 ne a sanar da hukumar da ke kula da wannan, in fallasar tana iya cutar da masu bayanan.

Laburaren ya bi ƙa'ida, sai dai ƙa'idar wata irin ma'ajiya ya bi, ba irin taku ba. HTTP ya san ma'ajiya iri biyu. Akwai ta mutum ɗaya, kamar ta burauzar da ke wayarka, akwai ta tarayya, kamar CDN. Ta mutum ɗaya tana da izinin ajiye amsar da aka rubuta wa `private`, tunda mai ita kaɗai zai gani. Wannan laburaren, in ba a faɗa masa komai ba, `PrivateCacheStrategy` yake ɗauka. Mabuɗin da yake ajiyewa da shi kuwa daga nau'in kira da adireshi ake gina shi. Abokan cinikinku duk adireshi ɗaya suke kira, tokin ne kawai ya bambanta, shi kuma ba ya cikin mabuɗin sai in kamfanin ya aiko da `Vary: Authorization`. Wanda ya fara shiga, amsarsa ta zauna, duk wanda ya biyo baya cikin wa'adin ita aka miƙa masa.

Abin da ya ɓoye muku matsalar lokacin gwaji, in mun canka daidai, shi ne wurin ajiyar da laburaren ya zo da shi yana mutuwa ne da ƙarewar kowace buƙata ta PHP. Sai da kuka haɗa Redis amsoshin suka fara tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Ba ku kaɗai abin ya taɓa faɗa wa ba. A ranar 25 ga Disamba 2015, wani saitin ma'ajiya da aka sa a Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta na Valve, lokacin da ake kai musu hari ya riƙa nuna wa mutane shafukan wasu, kuma kamfanin Valve ya ce abin ya shafi kusan mutum 34,000.

Tambayar da za ka riƙa yi a kan kowane kira ita ce: a idon wancan kamfanin, mutum nawa ne ke bayan wannan ma'ajiyar? In tokin ɗaya ne na kamfaninku, amsar kuma ɗaya ce ga kowa, kamar jerin farashi, to ku mutum ɗaya ne, tsarin mutum ɗaya ya isa. In tokin yana canjawa da mai shiga, ta tarayya ce, sai ku sauya:

```
$stack = HandlerStack::create();
$stack->push(new CacheMiddleware(
    new PublicCacheStrategy(new LaravelCacheStorage(Cache::store('redis')))
), 'cache');
$client = new Client(['handler' => $stack]);
```

Wannan tsarin yana ƙin amsar da ke da `private`, yana kuma bin `s-maxage`. RFC 9111 ya ƙara da cewa ma'ajiyar tarayya ba za ta sake amfani da amsar kiran da ke ɗauke da `Authorization` ba sai amsar ta ba da izini da `public`, `s-maxage` ko `must-revalidate`. Amma kada ka kwanta a kan wannan, don yana da ramuka. Dokar `Authorization` kaɗai ta ambata. In tokin ɗin yana tafiya ne a `X-Api-Key` ko a `Cookie`, ba ta kare ku ba. Kuma kasancewar `Set-Cookie` a cikin amsa ba ya hana a ajiye ta, RFC ɗin ya faɗi haka ƙarara. Sannan kamfanoni da yawa ba sa damuwa su rubuta `private` ko `Vary` ɗin da ya dace.

Saboda haka, in kuna son ajiye tarihin oda don sauri, ku raba ma'ajiyar da kanku: kowane abokin ciniki da nasa sashen, mabuɗin ya fara da lambarsa ko da SHA-256 na tokin ɗinsa, ba tokin ɗin tsirara ba, don duk mai iya leƙa Redis zai gan shi. In da mu ne, tarihin oda ba za mu ajiye shi ba sam sai an auna an ga jinkirin yana damun mutane. Kowane mutum sau ɗaya ko biyu yake buɗe shafin, ribar kaɗan ce, haɗarin kuwa kun riga kun gani.

Ku rubuta gwaji ɗaya da zai riƙa gudana kafin kowace fitarwa: kira da tokin na A, kira da tokin na B a adireshi ɗaya, a tabbatar amsoshin sun bambanta. Wannan laburaren yana saka layin `X-Kevinrob-Cache` mai nuna `HIT` ko `MISS`, kira na biyun dole ya zama `MISS`. Masu Node su lura, `http-cache-semantics`, wanda got da make-fetch-happen ke aiki da shi, yana da zaɓin `shared`. Masu Java kuma, ma'ajiyar Apache HttpClient ta tarayya ce tun asali, ta OkHttp kuwa ta mutum ɗaya ce.

Tambaya: Ma'ajiyarmu tana aiki lafiya, amma duk minti 5 sai sabar ta shaƙe na 'yan daƙiƙu, kamfanin da muke kira kuma ya fara mayar mana da 429 (lambar da ke cewa kira ya yi yawa). Sannan in nasu ya faɗi, namu ma ya faɗi, alhali muna da tsohuwar amsa a ajiye. — Wata injiniya, Abuja

Amsa: Malama, rububi ne. Lissafa ki gani: in mutum 200 ke neman amsar a daƙiƙa, kamfanin kuma yana ɗaukar daƙiƙa 1.5 kafin ya amsa, to daga lokacin da wa'adi ya cika zuwa isowar sabuwa, kira 300 sun fita neman abu ɗaya. Abin da ake so shi ne ɗaya ya fita, sauran su jira ko a ba su tsohuwar.

Da Redis, wanda ya fara tarar da amsar ta tsufa ya kama kulle da `SET kulle:mabudi wata-lamba NX PX 10000`. In an amsa masa `OK`, shi zai fita. Tsawon kullen ya fi iyakar jiran kiran, misali kulle daƙiƙa 10, jira daƙiƙa 5, in ba haka ba kullen zai buɗe kiran bai dawo ba. In ya gama, ya duba lambar da ke kullen tasa ce kafin ya goge. Idan kuma amsoshi da yawa ne aka ɗauko lokaci ɗaya suke tsufa lokaci ɗaya, ki warwatsa su ta hanyar rage wa kowace 'yan daƙiƙu daban-daban. Ragewa ake yi, ƙari ya saɓa wa abin da mai amsar ya yarda.

Miƙa tsohuwar amsa ma yana da ƙa'idarsa, a RFC 5861 na 2010. `stale-while-revalidate=30` yana nufin a ci gaba da miƙa ta har daƙiƙa 30 bayan wa'adi yayin da ake ɗauko sabuwa a bayan fage. `stale-if-error=86400` kuma ya ba da damar miƙa ta har kwana ɗaya in sabar mai ita ta mayar da 500, 502, 503 ko 504. Ko babu waɗannan, RFC 9111 ya yarda a miƙa tsohuwa in an kasa kaiwa ga sabar gaba ɗaya. Inda aka hana shi ne amsa mai `must-revalidate` ko `no-cache`, da kuma mai `s-maxage` in ma'ajiyar ta tarayya ce. In kin miƙa tsohuwa, ki nuna wa mai karatu lokacin da aka ɗauko ta.

Wata hanyar da ta fi sauƙi ga wasu ita ce a fitar da aikin daga cikin kod, a sa nginx, wata manhajar sabar yanar gizo, a tsakani, manhajar ta riƙa kiransa shi kuma ya kira kamfanin. `proxy_cache_lock on` yana kashe rububi, `proxy_cache_revalidate on` yana aika tambayar ETag, `proxy_cache_use_stale error timeout updating http_502 http_503` tare da `proxy_cache_background_update on` suna miƙa tsohuwa. Ki tuna da `proxy_ssl_server_name on`, don a kashe yake zuwa, kuma yawancin sabobin da ke bayan CDN ba za su karɓi haɗin ba in babu shi.

Tambaya: Na gyara bayanin kaya da PUT, ya yi nasara, amma GET yana ta nuna tsohon. — Wani mai karatu, Kumasi

Amsa: Ƙa'ida ta ce in POST, PUT, PATCH ko DELETE ya wuce ta cikin ma'ajiya ya dawo ba da kuskure ba, dole ta soke abin da ta ajiye na wannan adireshin. Abin lura a nan shi ne "ta cikin ma'ajiya". In PUT ɗinka yana fita ta wata hanya dabam da ta GET, ma'ajiyar ba ta san an yi ba. Kuma adireshin da aka taɓa kaɗai ake sokewa: gyara `/kaya/42` ba zai taɓa `/kaya?shafi=1` ba, wannan kai za ka goge shi da hannunka ko ka ba shi gajeren wa'adi.

Tambaya: Na rubuta 'yar ƙaramar ma'ajiya tawa don koyo. A sabar da muka yi haya tana aiki daidai. A kwamfutata kuwa, duk amsar da wa'adinta bai kai awa ɗaya ba, tana isowa sai ta ce ta tsufa. — Wani ɗalibi, Katsina

Amsa: Agogo ne, ɗan'uwa. Lokutan da ke kanun HTTP duk na GMT ne, Najeriya da Nijar kuma suna gaba da shi da awa ɗaya. Kod ɗinka yana karanta `Date` kamar lokacin gida ne: ƙarfe 12:00 na GMT ya ɗauke shi 12:00 na Katsina, wanda a zahiri 11:00 ne na GMT. Ke nan kowace amsa tana isowa da shekarun daƙiƙa 3600 a kanta. Sabar haya galibi a kan UTC take, shi ya sa ba ta nuna ba, kuma da a Kumasi kake da ba za ka taɓa lura ba.

A Python, mai laifin kusan kullum `time.mktime` ne, wanda ke ɗaukar lokacin gida. Sauya shi da `calendar.timegm`, ko ka yi amfani da `email.utils.parsedate_to_datetime`, ka kwatanta da `datetime.now(timezone.utc)`. Tunda koyo kake yi, rubuta lissafin yadda RFC 9111 ya tsara shi: ɗebe `Date` daga lokacin isowar amsa, in ya fita ƙasa da sifili ka mayar da shi sifili, a gefe guda ka haɗa `Age` da tsawon lokacin da kiran ya ɗauka, ɗauki wanda ya fi girma a cikin biyun, ka ƙara masa zaman da amsar ta yi a wurinka. Sannan ka buga `timedatectl` a sabar ka tabbatar agogonta yana daidaitawa da NTP (tsarin saita agogo ta intanet), domin agogon da ya yi gaba da minti 2 ya isa ya kashe duk amsar da ke da `max-age=60`.